Bappa da Bindigar Ticha

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za a mai da mu ɗaya bayan ɗaya. Wannan karon Bappa aka kira, ƙanen mahaifina, wanda ya riƙe ni tun ina ɗan shekara shida. Ya rasu ranar Talata da hantsi a gidansa na unguwar Jekadafari a Gombe, bayan jinyar da ba ta cika wata biyu ba, aka kai shi makwancinsa bayan azahar.

Kwana uku ina zaune a tabarmar karɓar gaisuwa ina jin abin da mutane ke faɗa a kansa, raina kuwa bai daina ɓaci ba. Ba wanda ya zage shi. Kowa ya ce mutumin kirki ne, ba ya fashin jam'i, ba ya sa baki a maganar da ba tasa ba. Amma da an gama wannan sai murmushi ya biyo baya. Wani dattijo da suka yi aiki tare a injin gurzar auduga ya ce Allah Ya ji ƙan mai bindigogin harbin tsuntsu, har ya tsufa bai bar wasan yara ba. Aka yi 'yar dariya irin ta zaman makoki, wadda ake rufe baki da hannun riga. Babban ɗansa, wanda nake kira Yaya, ya zo daga Bauchi da sabuwar motarsa, tun a rana ta biyu ya fara tambaya ko ƙarafan da ke ɗakin zaure suna da takarda, don shi ba ya son 'yan sanda su shigo masa gida. In ba su da ita, a kira masu sayen tsohon ƙarfe su kwashe. A cikin gida kuma na ji mata suna shawarar yadda ɗakin zai yi daidai da ajiyar buhunan masara.

Mutum ɗaya ne bai ce komai ba sai gaisuwar “ya haƙuri”. Tsohon malamin makaranta ne, Kirista, mutumin Tangale daga wajen Kaltungo, duk unguwa Ticha ake ce masa. Ya zo rana ta uku, ya zauna a can ƙarshen tabarma da hularsa a kan gwiwa, ya yi kamar awa ɗaya, ya tashi. Yana ba da baya aka fara ƙus-ƙus, ana cewa ai shekara shida ba sa ga-maciji da mamacin, me ya kawo shi yanzu. Na sunkuyar da kai. Na fi su biyun sanin abin da ya raba su, domin ni ne.

A aji huɗu na tsaya da makaranta, direban babbar mota ne ni, ban saba dogon rubutu ba. Amma ba zan iya bari a tuna Bappa da dariya kawai ba, ba kuma zan iya faɗin ko shi wane ne in tsallake laifina ba.

Iyayen Bappa makiyaya ne, a ruga aka haife shi, daga baya ya shigo gari ya koyi aikin kanikanci a injin auduga. Shekarar da aka sami 'yanci, Turawa suna ta ɗaure kaya, sai masu dafa musu abinci suka riƙa fitowa da abin da iyayen gidansu suka zubar. A ciki har da bindigogin iska waɗanda suka daina ƙarfi. Ba su cin albarushi. Ana karya bakin ne a tura sifirin, wani murɗaɗɗen ƙarfe mai kauri, baya, a sa 'yar ƙwayar dalma, a rufe. In an ja kunama sifirin ya tunkuɗo wata fata da ke gabansa, fatar ta matso iska, iskar ta fitar da dalma. In fatar ta bushe ko sifirin ya gaji, shi ke nan, mai ita sai ya jefar. Bappa ya fara da ɗaya, don kawai ya ga abin da ke cikinta. Ya rasu yana da goma sha ɗaya, kowace ya san wanda ya fara riƙe ta da ciwon da ta zo da shi.

Da hannunsa ya ƙera abin matse sifirin, katako biyu da jak ɗin mota, bayan wani sifirin ya kuɓuce ya bar masa tabo a haɓa. Fata kuwa ba ya yarda da ta kasuwa. Wurin dukawa yake zuwa ya zaɓi kirgi mai kauri, ya yanka, ya jiƙa, ya danna shi a bakin wani bututu ya kwana biyu har ya ɗauki siffar ɗan ƙoƙo. Man da yake shafa mata shi yake haɗa abinsa. Sai ya sayo ƙafafun shanu wurin mahauta, ya tafasa su a babbar tukunyar Inna, matarsa, ya kwashe man da ya taso sama, ya tace a kwalbar magani. Inna takan ce a gidan nan bindiga ke shan romo, mutane su ci ƙashi. Shi kuma ya ce bindiga ba ta taɓa yi masa gori ba.

Ɗigo biyu yake sa wa, da gashin kaza. Tun ina yaro na ji shi yana nanata wa duk wanda ya kawo gyara cewa kada ya harba ta babu dalma a ciki, kuma ko da wasa kada baƙin mai na mota ya kusanci ramin iskarta, domin matsin yakan kunna man ya tashi kamar wuta ya ƙone fata ya karya sifirin. Na ji wannan ya fi sau ɗari. Ina so mai karatu ya riƙe cewa na ji.

Uku daga cikin bindigoginsa suna da madubi, wani siririn bututu mai gilashi da ake ɗaurawa a sama don saiti. Ya ce irin wannan bindiga tana shurin gaba da baya a lokaci ɗaya, shi ya sa take wahalar da madubi. Akwai wani da zaren cikinsa ya tsinke. Ya gwada gashin jelar saniya ya ga ya yi kauri, ya gwada siliki ya ga yana gashi-gashi, daga ƙarshe da zaren gizo-gizo ya gyara shi. Sati uku ya hana Inna share kusurwar zaure.

Ba ya harbin abu mai rai don nishaɗi. In aka ce wani mara lafiya a unguwa yana marmarin romon kurciya, sai ya ɗauki bindiga da wuƙa ya fita. A fiffike yake samunta, don ta faɗo da ranta ya yanka. Wannan ne ya sa ba ya wasa da saiti, yana cewa in madubi ya kauce da faɗin ƙwayar gero, ka ba mara lafiya mushe. Masu cewa wasan yara, da yawansu sun sha wannan romo.

Ticha abokinsa ne tun yana koyarwa a cikin gari. Wani Baturen mishan ya bar masa bindiga mai madubi, ita ta haɗa su. Kowace Asabar da la'asar sukan tafi bayan Gabukka, lokacin duk gonaki ne, su jera gwangwanayen madara a kan kututture. Bappa yakan ce masa, ga ido biyu, ga tabarau biyu, ga madubi na biyar, amma gwangwani na nan yana jiranka. Ticha ya ce ai tun da Bafulatani ya ajiye sanda ya ɗauki bindiga shanu suka sami lafiya. Bappa ya koya masa kada ya ƙanƙame ta kamar ya kama ɓarawo, ya tallafe ta kamar an miƙo masa jariri. Da matar Ticha ta haihu, Bappa ya kai kurciya shida. Da aka yi wa Yaya aure, Ticha ya yini yana kafa rumfa.

To, ga abin da na yi.

Shekarun da kuɗin man fetur ya shigo ƙasa, ko'ina gini ake yi, aka ba ni sabuwar mota ina kai siminti da kwanon rufi kudancin Gombe. Na yi aure, na sayi agogo da rediyo, ina jin kaina. A lokacin an mai da Ticha wata makaranta kusa da Kaltungo, bindigarsa kuma ta yi sanyi, ya kawo wa Bappa. Wata biyu tana hannunsa. Ya sa sabuwar fata, ya daidaita sifirin, ya saita madubi. Da ya gama ya naɗe ta a buhu ya ɗaure da irin ƙullin da ake ɗaure maruƙa da shi a ruga. Duk Jekadafari ba mai yin wannan ƙulli sai shi, sai ni da ya koya wa. Ya miƙo mini da safe ya ce in kai ta hannu da hannu. Kafin in fita na ɗebi dalma cikin gwangwaninsa na zuba a aljihu. Na faɗi wannan don kada wani ya ce tsautsayi ne. Tun daga gida na yi niyyar kwance ta.

Muna tasha a Tudun Wada ana jiran a gama lodi, na fito da ita ina nuna wa 'yan'uwana direbobi. Na harba, ta yi ɗan sauti mai taushi, wanda shi ne alamar aiki ya yi kyau. Su kuwa suka fashe da dariya, wani ya ce wannan ai tarin tsoho ne. Wani bakanike ya ce a bushe take, kowane ƙarfe da mai yake aiki, ya miƙo mini gwangwanin baƙin mai. Mu direbobi haka muka sani, duk abin da ya yi rauni a ba shi mai. Na karya bakinta, na tsiyaya a ramin iska, ba ɗigo biyu ba. Da na ja kunama ta yi ƙara kamar bindigar soja, hayaƙi ya fito, tasha ta ɗauki tafi. Na ƙara mai, na ƙara harbi. Da dalma ta ƙare na ci gaba haka nan babu komai a ciki, don ƙarar kawai. Can na ji wani abu ya yi ƙaras a cikinta. Na leƙa madubi na ga zaren ya karkace. Na goge ta tas da tsumma, na mai da ita buhu, na yi ƙullin Bappa, kafin magariba na miƙa wa Ticha. Har ya ba ni gyaɗa in kawo wa Inna.

Asabar ta gaba sai ga shi a kan babur. Ya tarar da Bappa a ƙofar gida da mutanen majalisarsa, su tara, ni ma ina nan. Ya ce harbin farko ta yi gurnani, dalma ko fita ba ta yi ba. Bappa bai yi musu ba, ya sa aka fito da abin matse sifirin, ya buɗe ta a gaban kowa. Sifirin ya zubo gida uku. Fatar ta ƙone ta yi baƙi. Ya kai ta hanci ya shinshina, ya ɗago ya ce, “Ticha, ka zuba mata baƙin mai.”

Ticha ya ce shi ko kwalbar baƙin mai ba shi da ita a ɗaki, kuma yadda aka kawo ta da ƙullinsa haka ya kwance ta. Wani daga cikin dattawan ya ce to a tambayi ɗan aike mana. Bappa ya juyo ya dube ni.

“Ka kwance ta a hanya?”

Na ce, “Ban kwance ba, Bappa.”

Ya juya ya ce, “Ɗana ya ce bai kwance ba.” Bai ƙara dubana ba, don a wurinsa magana ta ƙare. Ticha ma bai tuhume ni ba, ya ga ƙulli da idonsa. Sai ya zama kowannensu ya tabbata ɗayan ne ke ɓoye kuskurensa. Murya ta fara tashi. Ticha ya ce, “Injiniya, in tsufa ya kama hannunka ka faɗa, ba abin kunya ba ne. Ka lalata mini abu, kada ka ɗora mini.” Bappa ya ce, “Shekara ashirin ban taɓa jin ƙarya a bakinka ba sai yau.” Ticha ya tattara gutsattsarin a buhu ya hau babur ko sallama babu.

Me ya hana ni faɗa? Ba tsoron duka ba ne, na wuce wannan. Kunya ce ta a yi mini faɗa gaban mutane ina magidanci mai agogo a hannu. Na ce gobe in mun keɓe zan gaya masa. Gobe ta zo, lodi ya kai ni Yola. Da na dawo na ga kamar abin ya lafa, na ce kada in tayar. Na riƙa fargabar wani daga tasha zai kawo labari, amma su a wurinsu ba labari ba ne, sun manta tun a ranar.

Abin bai lafa ba. Bappa ya daina fita ranar Asabar. Ya ci gaba da gyara, amma duk wanda ya kawo sai ya zo da kansa ya harba a gabansa kafin ya tafi da ita. Ticha ya yi ritaya ya dawo Gabukka, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba a ƙafa, amma in suka haɗu a kasuwa sai gaisuwar baƙi. Wata rana muna cin tuwo a kwano ɗaya, Bappa ya tsaya da loma a hannu ya ce ba bindigar ke damunsa ba, abin da ya kasa ganewa shi ne me zai sa mutum kamar Ticha ya yi masa ƙarya a kan ɗigon mai. Na ce sai haƙuri, Bappa, mutum ke nan. Na ci gaba da cin tuwona. Ko a asibiti na je da niyyar faɗa. Ya tambaye ni tayoyin mota, na tsaya ina ba shi labarin taya har aka ce lokacin ganin marasa lafiya ya ƙare.

Rana ta biyar da rasuwa Yaya ya ce in tattara ɗakin zaure. A ƙarƙashin akwatin kayan aiki na sami wani abu dogo a naɗe cikin takarda mai maiƙo. Sabon sifirin ne, an rubuta a jiki da ajami, na Ticha. Inna ta ce shekara huɗu ke nan da ya sa wani ɗan kasuwa ya nemo masa daga Jos, yana jiran mai bindigar ya zo ya amsa laifinsa.

Na ɗauka na tafi Gabukka. Na sami Ticha a ƙarƙashin bishiyar mangwaro yana gyaran kujera. Na durƙusa na ajiye sifirin a gabansa, na faɗa masa komai, tun daga dalmar da na ɗiba har ƙullin. Bai katse ni ba. Da na gama ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi. Ya ce lokacin da ɗansa na biyu ya rasu Bappa ya zo gaisuwa, shi kuma ya karɓe shi a tsaye, ko kujera bai ba shi ba. Na ce ka yafe mini, Baba. Ya ce ba yau ba.

“A gaban mutum tara na ce hannunsa ya tsufa,” in ji shi. “A gabansu ya ce ni maƙaryaci ne. Kai kuma ka zo nan ƙarƙashin mangwaro za ka wanke mu, inda ba mai ji sai kaji? Jibi ne addu'ar bakwai. Zan zo.”

Ya zo. Bayan an shafa fatiha, kafin a fara rabon waina, na miƙe na ce ina da magana. Na faɗa musu komai. Cikin mutum taran nan huɗu sun riga Bappa tafiya. Biyu sun ce su ba su ma tuna an yi haka ba. Yaya ya ja ni ta riga yana cewa in zauna, wannan wane irin tonon asiri ne a kan bindigar tsuntsu, ga baƙi. Wani ya ce Allah Ya yafe mana baki ɗaya, a kawo waina. Shekara shida ina ɗauke da abin nan kamar dutse, na sauke shi, mutane suna kallon faranti. Wanda zai fahimci nauyinsa yana kabari.

Sai Ticha ya miƙe, ya jira har aka yi shiru. Ya ce, “A nan wurin na ce hannun mai gidan nan ya tsufa. Na janye. Aikinsa ba shi da aibi, ban taɓa ganin mai gyara kamarsa ba, kuma bai yi mini ƙazafi da gangan ba. Ɗansa ya gaskata.” Ya juya wurin Yaya ya ce kada a kai ko ɗaya wurin masu tsohon ƙarfe, in takarda ce matsala shi zai bi a yi, zai kuma riƙa zuwa yana shafa musu mai.

Ashe Inna tana bayan labulen zaure tana ji. Tana cikin takaba, ba ta fito ba. Daga nan ta ɗaga murya ta ce a buɗe wa Ticha ɗakin abokinsa, a kai masa ruwa da kujera. Na matsa kusa da labule na ce, Inna. Ta ce, “Da cokali na ba ka abinci a gidan nan. Da ka faɗa masa ko a asibiti, da ya tafi da abokinsa.” Ta koma ciki.

Yau kwana ashirin ke nan. Kullum da safe ina zuwa in durƙusa a ƙofar ɗakinta in gaishe ta, ba ta amsa ba tukuna, kuma ban ga laifinta ba. Allah Ya yalwata wa Bappa makwanci, Ya saka masa da gaskatawar da ya yi wa wanda bai cancanta ba. Wanda ya karanta wannan ya yi masa addu'a. In ya rage, ya roƙa mini Bappa ya yafe ranar da za mu haɗu, tun da a duniya na hana shi damar yin haka.